Dogayen Kellu Biyu

"...da zafin hanya? Ya aka baro mutanen Bande? Suna nan suna ta tsage fuskokin jarirai?"

"Riƙe gaisuwarka, ɗan Fulani. Ba ita ta taso ni ba."

Kellu ba ta jira jakinta ya gama tsayawa ba ta sauko. Kakar gyaɗa ce ta shekarar 1957, hantsi ya ɗaga, farfajiyar kamfanin gyaɗa a Magarya cike da ƴan dako. Wanda ya tare ta da gaisuwa Yero ne, mai gadin wurin, tsohon soja, Bafillace siriri mai ɗingishi kaɗan. Ita Babarbariya ce, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Sun fi shekara ashirin suna zagin juna a kasuwa, babu wanda ya taɓa kwana da abin a ransa. Yau kuwa da fushinta na gaske ta zo, tun daga Bande take tafasa.

Samari biyu ta raina: ɗanta Maina, da Tamu ɗan ƙanenta marigayi. Dukansu sun yi tsawon da sai sun sunkuya suke shiga zaure. Tun bara da suka fara kawo gyaɗa nan, suka saba da wani zoben ƙarfe da akawun kamfanin ya kafa a kan dogon itace, ana jefa ƙwallo a ciki. Jiya ta ji daga bakin Tamu cewa Yero ya auna su, ya aika da sunayensu Damagaram, inda kamfanin yake da ƙungiyar ƙwallon kwando, kuma ranar Alhamis kamiyo, babbar motar kaya, zai tafi da su.

"Ina bangon?" in ji ta.

"Wane bango, baiwata?"

"Wanda ka jingina mini ƴaƴa ka auna su kamar ragunan layya."

Yero ya nuna da sandarsa. Can sama da ƙofar ɗakin gadi akwai zanen gawayi biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya kaɗan.

"Na sama Tamu, na ƙasa Maina. Sai da na hau buhu biyu. Mitir biyu saura yatsa uku, kuma ba su gama tsawo ba. Ban san da me kike ciyar da su ba, tunda ke kanki in kin tsaya a gonar gero sai an yi cigiyarki."

Kellu ta jiƙa bakin mayafinta da yawu, ta yi ɗage ta miƙa hannu don ta goge zanen. Ko kusa ba ta kai ba. Ƴan dako suka fara ƙunshe dariya.

"Jawo mini buhu."

"Yaushe baiwa ta fara aiken ubangijinta?"

"Ubangijin wa? Kakanka da igiya a wuya kakana ya sayo shi, aka ba shi gyaran ƙwaryar nono. Wa ya ba ka izinin auna ƴaƴan mutane? Ka tambaye ni? Ka zo Bande ka durƙusa?"

"Na zo sau biyu. Hayaƙin turarenku ya koro ni tun daga bakin gari, na yi zaton gobara ce."

Ta san halinsa, so yake ya ja ta cikin wasa har fushin ya narke. Ta ƙudurta ba zai samu ba. Sai ta sauya hanya, ta gyara ɗaurin zaninta.

"To bari in taimaki Turawanka kafin su yi asara. Yaran nan ba su da amfanin komai. Maina ƙafafunsa ba su san juna ba, a fili ma tuntuɓe yake. Ran nan ɗan akuya ya kore shi har ɗaki. Tamu kuwa malmala huɗu yake ci, ya kwanta ƙarƙashin itacen bedi, sai ka tashe shi da muciya. Tsawon banza ne. Ka rubuta musu ka ce uwarsu ta ce tsawon banza ne."

"Na gode da shaida, amma ni na gan su da idona. Ki tsaya ki ji, ko da yake Barebari ba a san su da sauraro ba. Shekara biyar na yi a soja, na ga dogaye a barikin Dakar, na ga na Turawa. Yawancin dogo hannunsa kamar itace yake. Maina ba haka ba ne, ƙwallo na barin yatsunsa kamar ya lallashe ta. Ƙafarsa ce ba ta yi ƙwari ba tukuna, ki ba shi shekara biyu da nama. Tamu kafaɗa gare shi. In ya tsaya ƙarƙashin kwandon nan, mutum uku sun rataye a jikinsa ba su motsa shi ba. Aibinsa biyu: hannun hagunsa matacce ne, kuma yana da zuciya irin ta gwaggonsa. In aka gyara na farko, na biyun sai addu'a."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ɗaya na jefawa daga nesa, ɗaya na tsare gindin kwando. Ƙungiyar da ta sami irin wannan biyun lokaci guda ta huta shekara goma. Baɗi su cinye Maradi. Shekara uku su cinye Yamai. Daga nan Dakar, daga nan sai Faransa, a riƙa kiransu suna sauko wa Turawa da tsuntsaye daga kan benaye."

"Kai ne malaminsu ke nan? Da waɗannan ƙafafun naka kamar karan dawa?"

"Da su na tsallake teku sau huɗu."

"A cikin jirgi, kana amai."

Ƴan dako suka fashe da dariya. Yero ya jira ta lafa, ya sosa gemunsa kamar mai tunani.

"Amma fa kina da gaskiya a wuri ɗaya. Maina yana kuskure. Cikin jifa goma sai ya zubar da biyar. Jinin Barebari ne, ido ba ya tsayawa wuri guda."

"Ƙarya kake yi," in ji Kellu, muryarta ta tashi. "Biyar a gidan wa? Ina zaune ina sussuka yaron nan yake tsayawa a bakin zaure yana jefa ƙodagon goruba cikin bakin tulu a ƙofar madafa. Tun damina yake yi. Ban taɓa jin ɗaya ya faɗi ƙasa ba, tuluna biyu ya fasa mini saboda..."

Ta tsaya. Yero yana kallonta, haƙoransa duka a waje.

"Ci gaba, baiwata. Mai tuntuɓe a fili ne yake wannan?"

Kunya da haushi suka kama Kellu. Ta dubi zanen gawayin nan biyu, sai abin da ta danne tun jiya ya taso. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa, har sai da na kusa suka daina ɗaga buhu.

"Haka aka auna Mamadu."

Dariyar ta bar fuskar Yero.

"A bango, da gawayi, a ƙofar mai gari. Ina tsaye. Aka ce ƙanena ya fi kowa tsawo, za a yi alfahari da shi. Kai kana bayansa a layi, kamiyo ɗaya kuka hau zuwa yaƙin Jamus. Kai ka dawo da ɗingishi, shi ko hularsa ba a kawo mini ba. Tamu yana wata huɗu, uwarsa ba ta kai baɗi ba. Nono ɗaya na ba shi, ɗaya na ba Maina. Yanzu ana wani yaƙin a Aljeriya, ana neman samari, kai kuma ka ɗauki gawayi ka rubuta wa Bature cewa ga dogaye biyu a gidan Kellu. Kana kuma yi mini wasa."

Yero ya jingine sandarsa, ya zauna a kan buhu a hankali.

"Ina tare da shi ranar," in ji shi. "Na faɗa miki tun dawowata, ba zan sake ba. Kina ganin na manta, har in sayar da ɗansa?"

"To me ka yi in ba haka ba?"

"Kellu, tsawon nan ba ya ɓoyuwa. Ko a rumbu kika saka su ƙafafunsu za su leƙo. Bara a Guci daga gona aka ɗebi samari, ba wanda ya rubuta wa kowa takarda. In aka ce mai gari ya kawo mutum biyu, wa zai fara gani? Ƴaƴan matar da ba ta da miji ko ɗan'uwa da zai tsaya mata. A Damagaram za su sami takardar aiki a sito, safe aiki, yamma ƙwallo. Gari zai san sunansu, manyan kamfani za su so su ci Maradi. Irin wannan ya fi wuyar jefawa a kamiyo."

"Ka rantse ba za a ɗauke su ba."

"Ba zan rantse ba. Na ce ya fi wuya. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta so ya yi mata ƙarya don ta sami abin kamawa ta ci gaba da faɗa. Ta tuna fuskar Tamu jiya da yake ba ta labari, irin hasken da ba ta taɓa gani a kanta ba, da yadda hasken ya mutu da ta daka masa tsawa. Haushinta ya ƙaru, don yanzu ba ta san wa za ta ji wa ba.

"Magana ba ta yi maka tsada," in ji ta. "Ni ƴaƴa biyu zan sa a kamiyo. Kai me za ka sa? Ba ka da ɗa, ba ka da jika, sai sanda da tsohuwar rigar soja. In abin ya ɓaci ka ce ƙaddara ce, ka sha furarka. Gyaɗata kuma tana ƙasa, wa zai cire ta? Kai? Bafillacen da bai san wace kusurwar fartanya ake riƙewa ba?"

Yero ya gyara zama a kan buhun.

"Gyaɗa dai, zan roƙi akawu ya rubuta a ɗaga musu sai sun gama cira. Ba Alhamis ba."

"Wannan haƙƙina ne, ba alheri ba."

"Sannan ina da saniya a Waca, wurin yayana," in ji shi. "Fara ce. Jinin shanun uwata ce, ita kaɗai ta rage mini. Ranar da za su tafi zan kawo ta da kaina in ɗaure a gidanki. Ta zauna har su dawo miki hutun sallah da ƙafafunsu. In aka sa musu kakin soja saboda sunan da na aika, ki kira mahauci, ki sa a zaunar da ni a gaba."

Wani tsohon ɗan dako ya yi salati a hankali. Kellu ta ƙura wa Yero ido. Ta san Fulani, ta san wannan musamman. Da ya ce zai yanke hannunsa na dama ya ba ta, da ba ta yi mamaki haka ba.

"Tana da ciki?"

"Wata biyar."

"In ta haihu a gidana, maraƙin nawa ne."

"Haba, Kellu."

"Nonon ma nawa ne. In kana sha'awa ka zo da ƙwaryarka ka durƙusa, in duba halinka."

"Uwar ɗakina, ki ji tsoron Allah."

"Me ka ce?"

"Ba abin da na ce."

"Jama'a kun ji shi. Maimaita, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Yero ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. "Uwar ɗakina," in ji shi daga ciki.

"Kuma ranar kasuwa zan ɗora mata buhun gyaɗa, jakina ya huta."

Ya miƙe zumbur har ya manta da ɗingishinsa. "A kan saniyar uwata? Buhu? Gara ki ɗora mini."

Dariyar ta ƙwace mata ba shiri, irin mai fitowa tare da hawaye, har sai da ta dafa jakin. Ta share ido da bayan hannu, ta kwance bakin zaninta ta ciro goro ɗaya, ta ɓare shi biyu. Ta duba, ta zaɓi ƙaramin ɓarin ta jefa masa. Ya cafe.

"Na karɓa, kai za ka ɗauki buhun," in ji ta. "Ka zo Bande jibi da sassafe. In kana son su tafi da wuri, akwai fartanya ta uku a gidan."