Iskar da Ta Jera Mini Azara

A shekarun saba'in, ina dillancin hatsi tsakanin Gumel da Maigatari, aka yi shela cewa gwamnati za ta rufa wa duk gidan da iska ta yaye wa rufi kwano kyauta, har a ja masa wayar lantarki.

Tun daga ranar na daina ganin zaurena na ƙasa. Ina auna gero, ina jin yayyafi yana kaɗa kwanon da ba a kafa ba, ina ganin ƙwan fitila yana lilo bisa kan baƙina. Matsalar ɗaya ce, rufina lafiyarsa lau.

Ana gab da damina, kowa yana yaɓen soronsa, ni kuwa na sa aka ɗaye nawa. Uwargida ta ce, "Malam, hadari fa yana haɗowa." Na ce mata harkar manya ce.

Ma'aikacin duba gidaje ya zo, ya ɗaga kai ya ga sama fes, sannan ya dubi gindin katanga. Hannun dillali bai iya barin kaya a warwatse ba, ashe na tsara itatuwan rufin kamar na sayarwa.

Ya ce, "Alhaji, wace irin iska ce ta jera azara haka, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda?"

Ruwan farko a tsakiyar zaurena ya sauka.

Har yau, da guguwa ta taso a kasuwa sai 'yan rumfarmu su ce, "Alhaji, tashi ka gaida ma'aikaciyarka, ta zo jera kaya."