Kwamfuta Ta Ɗaura Wa Hajiya Kubura Aure

"...sai dai zafi. Ya ƙafar taki, ta sassauta?"

"Ƙafata ta fi aljihunka lafiya. Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biko."

Hantsi ne, ranar Alhamis, a cikin garin Daura. Hajiya Kubura na zaune kan tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gida tana tsinkar zogale. Mai shigowar jikanta ne, Ma'aruf, wanda ya dawo daga karatun kwamfuta a Malesiya wata huɗu da suka wuce. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunan ba. Mai Suna take ce masa.

Abin da ya kawo shi kuwa, wani kamfani ne na ƙasar waje ya ƙirƙiro manhajar da ke gina shafin intanet cikin ƙanƙanin lokaci: mutum ya jera akwatunan tambayoyi, ita kuma ta ƙarasa sauran aikin da kanta. Kafin su kai ta kasuwa sun ba mutane kaɗan su gwada, da alƙawarin duk wanda ya gano mata aibi na gaske za a bar masa ita kyauta shekara biyu. Da ita Ma'aruf ke son buɗe shagon gina wa 'yan kasuwa shafuka. Mako uku yana lalube bai samu komai ba, kuma yau da la'asar ake rufe karɓar rahoto.

Hajiya ta dubi jakar da ke kafaɗarsa ta ce, "In ba goro ne a ciki ba, juya."

"Aiki ne, uwargida. Yau tambayoyi zan yi miki."

Ya zauna ya buɗe kwamfutar a cinya. Ta taɓe baki.

"Shekara huɗu a ƙasar da ko tuwo ba su sani ba, ka dawo mana da faranti mai murfi. An ce ilimi ka tafi nema, ashe tire ka je saye."

"Tiren nan ya fi duk kwanukan da kika jera a ɗaki daraja."

"Ana zuba miya a ciki?"

"A'a."

"To ka gani."

Ma'aruf ya yi dariya ya ce, "Saurara ki ji. Shafin zuriyarmu na gina, saboda taron zumunci da za a yi a Sandamu bayan Sallah. Kowa ya buɗe a wayarsa ya ga wa ya haifi wa. Minti ashirin ya ɗauke ni."

"Zuriyar da muka shekara saba'in muna haɗawa, kai ka haɗa a minti ashirin? Sauri ya haifi nawa, Mai Suna."

"Ai nawar nake nema. In ban kama ta da laifi ba kafin la'asar, shagona ya sha ruwa. Na zuba mata matasanmu sittin da ɗaya, na Daura, na Mai'adua, har na Kongolam, ta haɗiye ko tari ba ta yi ba. Shi ne na ce bari in kawo mata abin da ya gagari kowa a gidan nan."

"Wato ni."

"Ni ban kama suna ba."

"Mako uku kana yawo, sai yau ka tuna da ni? Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma yi tambayarka, tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Suna?"

"Ka ji lalataccen miji. Sunan matarka ma sai ka tambaya?"

Ya rubuta. "Shekarar haihuwa?"

"Shekarar da fara ta cinye gero."

"Fara ta zo ya fi sau biyar, Hajiya. Wacce?"

"Sa ta bayan nan."

"In na sa ta bayan nan kin zama ƙanwata."

"To da me ka girme ni, ban da tsawon wuya?"

Ya bar gurbin ba komai, yana fatan manhajar ta rikice. Ta wuce abinta lafiya lau. Ya yi tsaki.

"Sunan ɗan fari?"

Hajiya ta kau da kai, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Wancan."

"Wanne?"

"Wanda ya haifo mini wannan fitinar da ke zaune a gabana."

Babansa take nufi, Alhaji Kabiru, wanda shi ma ba ta faɗar sunansa saboda kunyar ɗan fari. Da ma yana cikin shafin, sai Ma'aruf ya zaɓo shi ya haɗa da ita.

"Saura ɗaya. Sunan miji."

Hannunta ya tsaya cak a kan reshen zogale.

"Rufe farantinka ka tashi."

"Haba uwargida. Akwatin ya yi ja, ba za ta wuce ba sai an cika."

"To ta kwana a nan. Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Yau sai tire ne zai ji?"

"Amin. Ki faɗa a hankali, zan toshe kunne."

"In ka toshe kunne wa zai rubuta? Ashe dai kuɗin jirgi aka yi asara. Rubuta wanda ka sata."

"Ni na saci suna?"

"Ƙwarai. Kana kwance kana tsala ihu, kai kamar gwanda, aka ɗauko sunan mutum mai kwarjini aka ɗora maka. Har yau rigar ta yi maka yawa."

Ma'aruf ya rubuta sunan yana murmushi, ya sa Daura a gurbin gari, ya danna. Sai murmushin ya ɗauke. Ya matso da fuska kusa da allon.

"Lafiya? Ka yi shiru kamar an aiko maka da sammaci."

"Hajiya... ta ɗaura mana aure."

"Wa da wa?"

Ya juyo mata da allon. Ga hotonta na ranar da ta dawo daga Makka, ga nasa sanye da hular kammala karatu, an ja layi an haɗa su. Manhajar tana da wata dabara ta hana maimaici: in ta ga suna ɗaya a gari ɗaya sau biyu, sai ta ɗauka mutum ɗaya ne ta haɗe su, ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta ɗauki kaka da jika ta mayar da su Ma'aruf guda.

Hajiya ta ajiye zogale ta rangaɗa guɗa.

"Allah mai iko! Shekara ashirin da bakwai ina faɗa ana cewa wasa nake. Yau ga shi Turawa sun tabbatar a rubuce!"

"Kuskure ne."

"Da bakinka ka ce tiren nan ya fi kwanukana daraja. Yanzu da ya faɗi gaskiya ya zama maƙaryaci? Gobe da sassafe sai kotun shari'a. Zan ce wa alƙali, Allah ya gafarta Malam, ga mijina, ba ci, ba sha, ba sutura, ko sabulun wanki ban taɓa gani ba. In ya ce ina shaida, in ce a buɗe faranti."

"Alƙali zai ce ki kawo waliyyi. Duk waliyyanki sun riga Sardauna tafiya."

"Kai dai tanadi buhun gero. Tsaya, wane ne wannan a ƙarƙashinka?"

Ma'aruf ya duba, ya dafe kai. "Baba ne. Ta ce ni na haife shi."

"Madalla! Bari ya dawo daga kasuwa ya durƙusa ya gaishe ka."

"Ki rufa mini asiri, Hajiya, a gidansa nake cin tuwo."

Suna cikin haka shafin ya fara juyi. Manhajar na neman saiwar zuriyar: ta tashi daga Ma'aruf ta hau zuwa babansa, daga babansa ta hau zuwa mahaifin baban, sai ta sake tarar da Ma'aruf, ta kuma komawa. Fankar kwamfutar ta kama huci. Can allon ya sandare, komai ya tsaya.

"Ta suma?" in ji Hajiya. "A yayyafa mata ruwa?"

Ma'aruf ya miƙe tsaye, ya kusa kifar da kwanon zogale. "Shi ke nan! Faɗuwa ta zo daidai da zama! Wannan ne aibin da nake nema. Duk jikan da ke gidan nan sunan wani tsoho yake ɗauke da shi. Da na zuba tsofaffin gaba ɗaya, da ta aurar da rabin zuriya."

"Su masu ƙera ta ba su da kakanni ne?"

"Suna da su. Ba su dai zo Daura ba."

Ya ɗauki hoton allon da waya, ya sake kunna kwamfutar, ya zauna rubuta rahoto: abin da ya shigar, abin da ya danna, da inda ta tsaya. Ya aika ana kiran azahar. Da ya dawo daga masallaci ya tarar da amsa. Ɗaya daga cikin maƙeran ya bi matakan da ya rubuta, tasa kwamfutar ma ta sandare. Sun yi godiya, kuma manhaja ta zama tasa shekara biyu.

"Uwargida, shago ya tabbata!"

"Alhamdu lillahi. Wa ka ce musu ya gano?"

"Ni mana."

"Ka ji ɓarawo. Ka saci suna, yanzu kuma ka saci basira. Mako uku kana zufa, ni ko kwanon zogale ban cika ba na kayar da ita. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau jirgin Malesiya ba zai gano ba."

"Da kin faɗi sunan ma ai haka za ta yi."

"Na faɗa?"

"Ba ki faɗa ba."

"To rubuta musu cewa Kubura ta Daura ta kayar da injinsu ba tare da ta buɗe baki ba."

Ya rubuta, ya karanta mata, ta gyaɗa kai. Sannan ya jawo shafin zuriyar zai goge layin da ya haɗa hotunansu. Ta tsula masa karan zogale a bayan hannu.

"Me za ka yi?"

"Gyara zan yi, kafin mutanen Sandamu su gani."

"Sakina za ka yi da azahar tsaka, ko kayan Sallah ba ka ɗinka mini ba? Kar ka taɓa. In na ga atamfa da mayafi, sai mu zauna a yi maganar rabuwa."

Ma'aruf ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zuge aljihun gefen jakar ya ciro ƙullin goro fari, manya guda goma, ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Na sallama. A fara da wannan."

Ta ɓare ɗaya ta kai baki, ta tura sauran ƙarƙashin tabarma.

"Tun kana zaure na ji ƙamshinsa. Wancan mai sunan ma haka yake, sai an kai ruwa rana yake fito da shi. Ashe injin bai yi ƙarya ba."