Yadda Za Ka Haɗa Wa 'Yarka Fuskar Wasa Ba Tare Da Ta Sa Hannu Ba

An ba 'yarka aiki daga makaranta, an ce ta haɗa abin rufe fuska irin na wasan kwaikwayo da hannunta? Kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai, na rantse sai an yi wata guda ana zancenka a makarantar. Ba da ka nake magana ba. Maƙwabcina Oga Lukmanu, mataimakin darakta a wata ma'aikata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan idona.

1. Fara da raina nata

Za ka tarar yarinyar ta riga ka. Kauthar, 'yar Oga mai shekara tara, kwana uku ta yi tana fama da kwalin taliya da sitaci bayan Islamiyya, har ta fitar da fuskar kyanwa mai gashin baki na tsintsiya. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta tare shi a bakin ƙofa tana tsalle.

Kada ka yaba, yabo yana ɓata yaro. Oga ya ɗaga kwalin da yatsa biyu ya ce, "Wannan kyanwa ce ko jaki? Ɗan Nicholas fa ajinku ɗaya, kuma Nicholas yana ƙasa da ni da mataki uku a ofis. Ajiye, zan yi handilin."

2. Kafa kwamiti

Babu aikin kirki a Abuja da ba kwamiti. Sa direba, sa masinja, kai ne shugaba. Idan uwar yarinya ta ce, kamar yadda Hajiya Rahmatu ta ce, "Abban Kauthar, ai ita aka ce ta yi," ka gode mata, ka ce an ji shawararta. Ita mai aikin ba ta cikin kwamiti, ta yi ƙanƙanta.

3. Ba da kwangila

Kwali na talaka ne. Nufi kasuwar Dei-Dei, ka nemi kafinta mai yin ƙofofi. Oga ya samu wani Albert, ya ce a sassaƙa masa zaki da katakon maɗaci, a shafe shi da fenti mai sheƙi.

Albert ya ce, "Oga, ina yarinya ɗin? Zan auna fuska."

Nan gwanintar take. Kada ka kawo ta, kada ta ga sirrin aiki. Oga ya cire hula, ya miƙa tasa fuskar, har da kumatun da shekara ashirin na shayin taro suka gina. Albert ya auna da tef, sannan ya ce, "Ba wahala, Oga. Fuska duka ɗaya ne."

4. Tuna da addini bayan an gama

Ranar karɓa ne zai faɗo maka cewa akwai magana a kan sassaƙa mai rai. Kada ka je wurin malami, zai iya ce maka wani abu da ba ka so. Tambayi direba. Direban Oga ya ce shi dai ya ji idan babu hanci da kunnuwa to da sauƙi. Aka fere su nan take. Zaki ya koma kamar akushi mai huji biyu, amma zuciya ta natsu.

5. Zauna a layin gaba

Ranar nuni ka sa babbar riga, ka ɗaga waya kana ɗauka. Yara za su fito da tarkacensu na takarda da ulu, kowa yana ganin gabansa. Taka ta fito a ƙarshe, an ɗaure mata katako da robar taya. Hujin idon ya tsaya a goshinta, wuyanta ya lanƙwashe, tana laluben hanya da hannu. Kauthar sai da ta ci karo da teburin alƙalai, ruwan roba ya zube. Idan aka yi dariya, ɗauka ta sha'awa ce.

Sai malamarsu, Anti Perpetual, ta durƙusa gabanta ta ce, "Kauthar, faɗa mana yadda kin yi shi."

Wannan tambayar ce kwamiti bai hango ba. Daga bayan katakon muryar yarinya ta fito: "Anti, ban sani ba. Ni kyanwa na yi. Abba ya ce ba ta kai a nuna wa mutane ba."

Ci gaba da ɗauka. Sauke waya a nan amsa laifi ne.

6. Ɗora wa wani

Ɗan Nicholas ne ya ci, da farantin takarda da gashin kaza. A mota ka yi bayani sosai: alƙalai ba su san aiki ba, Albert ya cuce ka, ƙasar ma gaba ɗaya ta lalace. Oga ya yi wannan jawabi tun daga makaranta har shataletalen Jabi. Kauthar tana baya, goshinta da shatin roba.

7. Ci ribar aikinka

Ban da zancenka a makaranta da na yi maka alkawari, ga wata ribar: ba za a sake damunka ba. Kauthar tana nan tana yanke-yanken kwalinta, matata ta ce har ta ƙware. Sai dai da ta ji hon ɗin motar Oga a get, takan tattara komai ta tura ƙarƙashin gado, ta fito ta ce, "Abba sannu da zuwa," hannunta a goye a baya. Rannan ya tambaye ta me take ɓoyewa. Ta ce, "Ba komai, Abba. Ba mai kyau ba ne." Ya daɗe tsaye a wurin, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

A kula: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon wuya, ko zubewar girma gaban na ƙasa da kai, ko shirun da za ka riƙa tararwa a gidanka. Mai ƙorafi ya rubuto takarda, za a kafa kwamiti.