Aikin Riga a Hannun Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zauna na yi wa mahaifina aikin riga a fatar hannunsa, da hankalina, ba wanda ya sa ni.

Babana maɗinki ne a Tibiri, mai aikin babbar riga da zaren tsamiya, silikin nan da ake samu daga gidan tsutsa. Tun ina shekara bakwai yake zaunar da ni gefensa a zaure, yana buge mini yatsa in na karkace. A lissafinsa ni zan gaji allurarsa. Sai aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, daga nan na zarce koyon aikin jinya a asibitin Maraɗi, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina kirana zaure. In na je gida ran Lahadi sai mu gaisa, ya tambayi lafiyata, ya mai da kansa kan rigar da ke cinyarsa. Shekara biyu ina marmarin ya ɗago ya ce mini ko da "miƙo almakashi" ne.

A asibiti na tarar da abin mamaki: ashe da siliki ake ɗinke mutum. Baƙin zare ne mai santsi, a tafasa shi, a zura a lanƙwasasshiyar allura. Majo, babban ma'aikacin jinyar da ke koya mana, ya nuna mana ƙa'ida: ka soka, ka ƙulla, ka yanke, ka bar tazarar faɗin yatsa, ka sake. Tazarar ce ke barin jini ya zaga, ruwan ciwo ya samu hanyar fita. Na iya wannan sarai (na faɗa ne don kada wani ya yi mini uzurin jahilci), amma a raina ina raina shi. Ko buhun gero Baba ba zai yarda a ɗinke haka ba.

Wata Laraba da hantsi aka shigo da Baba, hannun hagu naɗe da rawani. Iska ce ta ɗaga kwanon rumfa, ya kai hannu ya tare, ya tsarge shi daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Majo na can kan wasu manoman Jiratawa da mota ta kife da su. Ya leƙo ya ce, "Tsohonka ne? To wanke ka ɗinke, ai ka iya."

Na wanke, na yi masa allurar kashe zafi. Ina zaro silikin sai na ga idon Baba a kan yatsuna, irin kallon nan na zaure da na daɗe ina kewa. Nan fa hankalina ya tafi Tibiri ya bar ni tsaye. Na kama ɗinkin sarƙa, ƙanana-ƙanana, kowane manne da ɗan'uwansa, zare ɗaya ba yankewa. Da na kai ƙarshe har 'yar lanƙwasa na yi masa irin ta bakin aljihu (Allah Ya yafe mini, a lafiyayyar fata na yi ta). Na ɗago ina jira. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "To." Na naɗe masa bandeji aka kai shi gidan ƙanwarsa a cikin gari.

Bayan kwana uku ya dawo, hannu ya kumbura suntum yana zogi. Majo ya kwance bandeji, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya aika a kira duk 'yan koyo, har da ungozomomi.

"Ku matso ku gani," in ji shi. "Shekara ashirin ina aikin ga, ban taɓa ganin babbar riga tana zazzaɓi ba sai yau. Kai, adon aska takwas ka so yi mishi zare ya ƙare?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata ungozoma ta tambaye ni ko ina karɓar aikin hula. Ni dai ina tsaye riƙe da farantin kayan aiki. Majo ya ɗauki almakashi zai fara yanka, sai Baba, da zufa a goshi, ya janye hannunsa.

"Malam, kada ka datse shi. Warware shi za ka yi daga nan ƙarshe, shina fitowa guda. Zaren ga mai kyau ne, asara ce."

Na ce a raina yau kam zai yaba mini. Ya juyo gare ni, ya nuna da haɓa. "Nan tsakiya ka ja da yawa. Tun kana yaro haka kake."

Shi ke nan yabon da aka samu: zare ya ci jarrabawa, ni na faɗi a hannun malamai biyu rana ɗaya. Ciwon da ya kamata ya haɗe a sati guda ya ɗauki uku, ya bar tabo mai ƙananan ɗigo a jere. Kunya ta sa na rage zuwa Tibiri. Sai in ce aiki ya yi yawa, alhali tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Sai a zaman makokin Baba, bayan shekara huɗu, wani tsohon abokinsa marini ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne mai ɗinkin? Ai ya ishe mu da shi. Kowa ya shigo zaure sai ya naɗe hannun riga ya ce a duba ramukan, a gani in akwai wanda ya goce daga layi." Na zagaya bayan rumfa na yi kuka irin na yara, da majina da komai.

Na ɗinke mutanen da ba su ƙirguwa kafin in ajiye aiki, kowa da tazararsa ta faɗin yatsa. Na koyi cewa fatar mutum ba riga ba ce. Na kuma koyi, a makare, cewa in kana son jin abin da ubanka ke faɗi a kanka, ba sai ka huda shi sau arba'in ba. Ka je ka zauna a zaurensa ko bai kira ka ba. Ni na tsaya jiran kira har aka naɗe tabarmar.