Mijin Iya Mai Reto a Jikin Bene

"Lafiya lau, sai kewar miji mai yawo a sama," in ji Iya, ba ta ko ɗago daga igiyar kabar da take tufkawa ba.

Abdulmannan ya durƙusa gaban kakar tasa. Duk Auyo an san yana aiki a dogon benen gilashin nan na tsakiyar Abuja, wanda direbobi ke kwatance da shi. Abin da bai faɗa ba, ta waje yake aikin: wankin gilashi, yana reto a igiya. Jiya wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta nuna wa Iya bidiyonsa a waya. Mahaifinsa kuwa ya yanke magana, in tsohuwa ta ce a'a, shi da Abuja sai labari.

"Amaryata, ai ni ne babba a benen nan. Manajoji ma ƙasa da ni suke zama."

"Na gani, jemage. Su ta ƙofa, kai ta bango. Ƙarnin kifi ya sa suka hana ka shiga?"

"A wurinki na gaje shi. Ke da ko gadar Haɗeja sai an rufe miki ido ake tsallakawa da ke."

Ta ce gara ita, ƙafarta na ƙasa. Ya ce ai mijinta na fari a kan gora yake ratsa kogi da damina, ba ta taɓa hana shi ba.

Nan wasa ya mutu. Kogin ne ya ci mijin nata, Malam Shu'ibu, kuma Abdulmannan ya sani, bakinsa ne ya riga shi. Hannun Iya ya tsaya cak. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye ba.

"Wa ke ɗaura maka igiyar?"

"Ni da kaina, Iya. Biyu ce."

"Ɗaura in gani."

Ta wurga masa tata. Ya ɗaura a turken akuya. Tsohuwa ta tashi ta kama, ta ja da iya ƙarfinta har zaninta ya kusa kwancewa. Ƙullin bai motsa ba.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kwance, ta nannaɗe igiyar, ta cusa masa a hannu.

"Haɗa da biyun can, su zama uku. Ba don ina son ka ba, mummuna. Takaba ɗaya ta ishe ni."

Ya yi dariya, yana goge ido da hularsa.