Oga Manniru da Indararon Ɗakin Karatu

Masha Allahu, duk wanda bai ga Oga Manniru ba, bai ga mutum ba. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata a Garki, amma in ya fito daga mota sai ka rantse shi ya haifi Abuja. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Dubai, shi ma jirgi ne ya tsaya shan mai. Tun ranar ya zama Oga Dubai, kuma yana amsawa.

To, a garinsu, can bayan Jiwa, akwai tsohon ɗakin karatu. Ginin ƙasa ne na kakanni, bango mai kauri, rufin soro da azara, ciki sanyi kamar randa. Indararo a kowace kusurwa, kuma duk shekara kafin damina mutanen gari kan fito su yi masa yaɓe.

Ana cikin haka kujerar darakta ta faɗi a ma'aikatarsu. Oga ya ji an ce babban sakatare, mai naɗa darakta, mutum ne mai son kayan tarihi. Nan take son ilimi ya kama shi kamar zazzaɓi. Ya naɗa kansa shugaban gyaran ɗakin karatun, ya gayyaci sakatare bikin buɗewa, ya tara dattawa.

"Jama'a, wannan gini ba shi da standad. Ni na ga duniya. A Dubai babu mai yaɓe! Daga yau na soke shi."

Aka lulluɓe bangon da tayil. Aka kwashe tsofaffin littattafai aka kai sito, ya sayo sababbi jajaye zalla, don su dace da labule. Sai idonsa ya kai kan indararo.

"Waɗannan fa? Gini na yi wa baƙona gwalo? A sare su, a toshe. Suna ɓata hoto."

Aka sare, aka toshe da siminti.

Ranar buɗewa, tun hantsi ake tafka ruwa. Ruwan ya hau rufi, ya nemi hanya ya rasa, ya yi zamansa. A ciki kuwa babban sakatare na zaune cikin farar shadda, Oga Dubai na zuba jawabi.

"Ranka ya daɗe, na tarar da kango, na mayar da shi Turai. Ko ƙusa ɗaya ba a buga ba sai da izinina..."

Ɗis, a kan hular baƙo. Ɗis kuma. Sai ga curin laka, ɓat, a kafaɗarsa har ƙirji. Innalillahi! Mutane suka dare.

Sakatare ya miƙe yana sharce laka, ya ɗaga kai ya ga rufi na kuka.

"Wane marar tunani ne ya toshe wa soro indararo?"

"Wallahi, sa, 'yan kwangila ne! Ni ko nan ban cika zuwa ba. Ina ofis, aiki ya yi mini yawa."

Yana faɗa yana ja da baya, har ya taka bakin ƙyallen da aka rufe allon dutse da shi a bango. Ƙyalle ya zame. Ga rubutu nan ruwan zinare, kowane harafi kamar tafin hannu. Sakatare ya gyara tabarau ya karanta wa jama'a da ƙarfi, a tsanake:

"Tunani, zane da kulawa, duka na Alhaji Manniru ne, shi kaɗai."

Oga ya buɗe babbar riga zai kare rubutun. Rigar ba ta kai ba.