Itacen Sunan Jikata

Ranar sunan jikata ta fari, bayan an shafa fatiha, maiɗakina Hajiya ta sanar da ni cewa itacen gida ba zai dafa tuwon jama'a ba.

"Malam, maƙwabci ya ce a kwashi busasshen dogonyaron da ke ƙofar gidanai, kyauta."

Na gyara rawani, na ce tuwon jikar malamin Ƙofar Taramniya ba ya dahuwa da rassan bakin hanya. Akwai bagaruwar da ta faɗi a gonar aminina can gaba da ƙauyen Kwalkwalawa, mai garwashi irin na maƙera, ita ma kyauta ce. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Na ari jaki, na fita cikin babbar riga. Na mance bagaruwa ƙaya gare ta, kuma rabona da gatari tun ina saurayi. Jakin kuwa da ya ji kaya, sai ya zaɓi tafiyar ƙasaita.

Na iso bayan la'asar, riga a yage, na tarar baƙi suna wanke hannu suna yabon miya. Ashe ko kwana ban sha ba baiwar Allah Hajiya ta sa aka kwaso dogonyaron. Wanda duk ya tambayi inda nake, sai ta ce Malam ya fita muhimmiyar hidima. Jakin ne ya tona mini asiri da kukansa a ƙofar zaure.

Yau jikar ta zama budurwa, amma gas ɗin girki na ƙarewa sai ta leƙo ta ce, "Angona, a aro jaki?"